Apollo 18 (fim na 2011)

Apollo 18 fim ne na ban tsoro da ƙagaggen labarin kimiyya, ya fito a Amurka ranar 2 ga Satumba 2011. Gonzalo López-Gallego ɗan ƙasar Sifen ne darakta, Brian Miller ya rubuta labarin, Timur Bekmambetov kuma yana cikin furodusoshi. A Vancouver ta Kanada aka ɗauke shi, an kashe wajen dala miliyan 5, ya kuma dawo da sama da miliyan 25.

Irin finafinan nan ne da ake yinsu kamar wani tsohon kaset aka tsinta aka saka wa jama'a, kamara tana rawa, hoto yana yayyafi irin na talabijin ɗin da, murya ta zo ta ɗauke. The Blair Witch Project na 1999 ne ya fito da salon fili amma shi a daji aka yi, wannan kuwa sai aka ɗauke shi cak aka kai duniyar wata, inda ba maƙwabci ba hanyar gudu, ko ihu ka yi ba iskar da za ta kai shi kunnen wani.

A labarin, cikin Disamba 1974 ma'aikatar tsaron Amurka ta tura 'yan sama jannati uku a ɓoye, wai su je su kafa na'urorin sa ido kan makaman Tarayyar Sobiyat. John Grey ya tsaya a kumbon da ke zagaya wata, Nathan Walker da Ben Anderson suka sauka. Da farko lafiya lau, sai suka ga sawun takalmin da ba nasu ba, suka bi, suka tarar da kumbon Rashawa da jini a ciki, can cikin wani rami mai duhu kuma ga gawar mai shi. Tutar da suka kafa ta ɓace. Dutsen da suka ƙulle a jaka suka wayi gari suka gan shi a ƙasa, ashe duwatsun ne masu rai, suna fitar da ƙafafu kamar gizo-gizo, har ɗaya ya shige rigar Walker ya shiga jikinsa. Cikin su ukun ba wanda ya dawo gida.

To a nan ne mutane ke ruɗewa. Na kalle shi a wani gidan kallo a Anguwan Rogo cikin sanyin nan na Jos, kowa ya duƙunƙune a benci, da aka tashi wani yaro ya ce min "Yaya, wallahi gaskiya ne, ɓoyewa suka yi", kuma da zuciya ɗaya ya faɗa. Ba gaskiya ba ne. Apollo 17 na Disamba 1972 shi ne zuwan mutum na ƙarshe kan wata, Apollo 18 da 19 da 20 tun 1970 NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, ta soke su, babban dalili kuɗi. Warren Christie da Lloyd Owen da Ryan Robbins da suka fito a matsayin 'yan sama jannatin nan uku 'yan wasa ne, NASA ma da kanta ta fito ta ce fim ɗin ba tarihi ba ne.

Masu sharhi da yawa sun kushe shi, sun ce yana jan ƙafa, kuma eh farkonsa akwai jinkiri. Amma ni shirun nan ne ya kama ni, da ƙuncin ɗakin da mutum biyu ke kwana a raga suna jin abu yana motsi a waje. Kuma ga wanda ya tashi a gari irin namu da dutse ke bayan gidan kowa, a ce maka dutse yana tafiya ba ƙaramin abu ba ne, ranar dai sai da na haska fitilar waya har ƙofar gida.

Duwatsun wata na gaske da tafiye-tafiyen Apollo shida suka kawo sun kai kilo 382, yawancinsu suna ajiye a cibiyar NASA ta Houston, ana ci gaba da bincike a kansu.