Sinadaran Taimos da Garkuwar Jiki: Me Masu Bincike Suka Gano Zuwa Yanzu?

Tallar allurai masu "ƙarfafa garkuwar jiki" ta yi yawa a intanet, kuma da dama daga cikinsu suna fakewa da sunan taimos. Akwai bincike na gaske a bayan wannan suna, na fiye da shekara 60, sai dai abin da ya nuna ba shi masu talla ke faɗa ba.

Mene ne taimos, kuma mene ne aikinsa?

Wani ɗan sashe ne na jiki mai laushi, mai ɓari biyu, yana kwance a bayan ƙashin ƙirji, gaban zuciya. Likitoci sun daɗe suna ganin ba shi da wani amfanin a-zo-a-gani, domin yana da girma a jikin yaro, bayan balaga kuma sai ya riƙa motsewa kitse yana maye gurbinsa.

A 1961 ne Jacques Miller, yana aiki a Landan, ya cire taimos daga jikin ɓeraye sabbin haihuwa. Ɓerayen suka taso a rame, cuta kaɗan ta kayar da su, wani rukuni na fararen ƙwayoyin jininsu ya yi ƙaranci. Abin da ya fi ɗaukar hankali shi ne, da aka dasa musu fatar wani ɓera da ba danginsu ba, fatar ta zauna daram har gashi ya tsiro a kanta, alhali lafiyayyen ɓera jikinsa ƙin ta yake yi cikin 'yan kwanaki.

Yanzu an san dalili. Taimos makaranta ce ta ƙwayoyin garkuwa da ake kira ƙwayoyin T. Daga ɓargo suke fitowa ɗanyu, su shiga taimos a yi musu jarrabawa biyu: wanda ba ya iya gane komai a kashe shi, wanda kuma ya nuna zai far wa jikin mai shi, shi ma a kashe shi. Fiye da kashi 90 cikin 100 ba sa fita da rai.

To ina maganar sinadaran taimos, waɗanda ake kira feftaid, ta shigo?

Feftaid gajeren zare ne na amino asid, wato tubalan da furotin ke ginuwa da su. Bayan aikin Miller, masana suka yi tunanin ko taimos yana zuba wani sinadari cikin jini, kamar yadda aka san insulin yana fitowa daga wani sashe na ciki. In haka ne, ai sai a tace sinadarin a ba marar lafiya.

Allan Goldstein da Abraham White, a kwalejin likitanci ta Albert Einstein da ke New York, suka riƙa markaɗa taimos ɗin maruƙa suna tacewa, a 1966 suka sa wa abin da suka samu suna taimosin. Daga baya aka gane tarin feftaid ne masu yawa a cakuɗe. A 1977 aka ware taimosin alfa 1, mai amino asid 28, sannan a 1981 aka bayyana jerin taimosin beta 4, mai 43. A Faransa, Jean-François Bach da Mireille Dardenne suka tsamo taimulin daga jinin alade, mai amino asid 9 kacal, wanda ba ya aiki sai ya haɗu da sinadarin zink. Wani masani daban, Gideon Goldstein, ya gano taimofoyetin, aka yanko amino asid 5 daga jikinsa aka kira su taimofentin. A Tarayyar Sobiyat ma an tace wani cakuɗen feftaid daga taimos mai suna taimalin a Leningrad.

A ɗakin gwaji, yaya ake sanin feftaid yana aiki?

Tsohuwar hanyar tana da ban sha'awa. Idan aka haɗa ƙwayoyin T na mutum da jajayen ƙwayoyin jinin tunkiya, na tunkiyar sukan manne su yi wa ƙwayar T zobe. Mai bincike zai sunkuya kan madubin likita yana ƙirga zobban ɗaya bayan ɗaya, kafin a ɗiga sinadarin da bayan an ɗiga; in zobban sun ƙaru, alama ce ƙwayoyin sun amsa. Da wannan gwaji ne likitoci a San Francisco suka ga ƙwayoyin wata yarinya 'yar shekara 5, wadda taimos ɗinta bai ginu sosai ba, sun amsa wa taimosin, suka yi mata allurarsa a 1974.

Yau injin lesa ne ke ƙirga dubban ƙwayoyi cikin daƙiƙa, kuma feftaid ɗin haɗa shi ake yi a kwalba, ba a buƙatar maraƙi. Ana amfani da ɓeraye marasa gashi waɗanda ake haifa ba taimos, ko tsofaffi, ko waɗanda aka raunana garkuwarsu da magani. Akwai tarko guda da duk mai wannan aiki ya sani: burbushin gubar bakteriya kaɗan a cikin samfur ya isa ya zaburar da ƙwayoyin garkuwa, a ɗauka feftaid ne ya yi aikin. Shi ya sa mai bincike na ƙwarai sai ya auna tsabtar samfurinsa kafin ya yarda da sakamakonsa.

Da gaske waɗannan sinadarai na taimos ne shi kaɗai?

A nan labarin ya juya, kuma a ganina nan ne ya fi daɗi. Taimosin beta 4 an same shi kusan a kowace ƙwayar jiki, har ya fi yawa a wasu wuraren fiye da taimos. A 1991 aka tabbatar babban aikinsa shi ne riƙe aktin, furotin ɗin da ƙwaya ke amfani da shi wajen motsi da canza siffa. Shi ya sa binciken da ake yi a kansa yanzu ya karkata ga warkar da rauni, da gyambon ido, da tsokar zuciya. Taimosin alfa 1 kuwa guntu ne daga wani babban furotin da ke zaune a tsakiyar ƙwayoyi iri-iri. Haka taimofoyetin. Taimulin ne ya fi kusa da zama sinadarin taimos na haƙiƙa, domin yakan ɓace daga jini idan aka cire taimos, kuma yana raguwa da tsufa ko ƙarancin zink.

Horon ƙwayoyin T kuma, an gane yawancinsa da gogayya ake yin sa, ƙwaya ta taɓa ƙwaya a cikin taimos. Jariran da aka haifa ba taimos kwata-kwata, abin da ke ceto su shi ne dashen yankan taimos, hanyar da aka gina a Jami'ar Duke ta Amurka, hukumar magunguna ta Amurka ta amince da ita a 2021. Allurar feftaid ba ta iya maye wannan gurbi.

Suna "ƙarfafa" garkuwa ne?

Masana sun fi son cewa suna daidaita ta. Garkuwar da ta wuce gona da iri ita ma cuta ce, ita ke cin gaɓoɓi da fata da hanji. Binciken Luigina Romani da abokan aikinta a Perugia ta Italiya ya nuna a jikin ɓeraye cewa taimosin alfa 1 yana tayar da ƙwayoyin da ke kai wa ƙwayoyin T rahoton cuta, kuma a lokaci guda yana kunna wata hanya da ke kwantar da kumburi. Sakamakon ya danganta da halin da jikin yake ciki da kuma yawan abin da aka ba shi.

A jikin mutane fa?

Taimosin alfa 1 ne ya fi yin nisa. Ana sayar da shi da sunan Zadaxin, ƙasashe fiye da 30 sun amince da shi, galibi don ciwon hanta nau'in B, miligiram 1.6 sau biyu a mako. Hukumar magunguna ta Amurka ba ta amince da shi ba.

Labarinsa da cutar sefsis, wato lokacin da ƙwayar cuta ta birkita garkuwa har gaɓoɓi su fara gazawa, ya isa darasi. Wani gwaji a ƙasar Sin da aka wallafa a 2013, mai majinyata 361, ya nuna alamar raguwar mace-mace, amma alamar ba ta yi ƙarfi ba. Aka sake babban gwaji da mutum 1,106, rabi aka yi musu allurar gaske, rabi ta ruwan da ba magani a ciki, likita da majinyaci ba wanda ya san wacce ce wacce. Sakamakon ya fito a 2025: cikin kwana 28, kashi 23.4 cikin 100 suka rasu a ɓangaren maganin, 24.1 a ɗaya ɓangaren. Kusan duk ɗaya ne. Haka a 2017 wani rahoto ya ce sinadarin yana gyara matsalar cutar sistik faibrosis, wato cutar gado da ke cika huhu da majina mai kauri, amma wasu ɗakunan gwaji suka maimaita aikin ba su ga hakan ba.

Ban ga abin kunya a nan ba. Waɗanda suka yi babban gwajin suka fito da sakamakon da bai yi musu daɗi ba, sun yi wa majinyata hidima.

Waɗanda ake sayarwa a intanet fa, mutum zai iya gwadawa?

Ba na ba kowa wannan shawara. Yawancin kwalaben an rubuta musu "don bincike kawai", ma'ana ba wata hukuma da ta tabbatar da abin da ke ciki, ko yawansa, ko tsabtarsa. Gubar bakteriyar nan da ke ɓata gwaji a kwano, a jikin mutum zazzaɓi da karkarwa take kawowa. Mai cutar da garkuwa ke yaƙar jiki, ko wanda aka yi wa dashen ƙoda yana shan maganin danne garkuwa, shi ya fi kowa shiga haɗari.

'Yan wasa kuma su sani, taimosin beta 4 da ɗan'uwansa TB-500 suna cikin jerin haramtattun sinadarai na hukumar yaƙi da shan ƙwayoyin ƙara kuzari ta duniya. A kan taimosin beta 4 ne kotun wasanni ta duniya ta dakatar da 'yan wasa 34 na ƙungiyar ƙwallo ta Essendon da ke Ostareliya a 2016.