Gwajin lissafi kafin a ɗauke ka aiki: tambayoyin da matasan Yamai ke yi

Bankuna, kamfanonin sadarwa da ƙungiyoyin agaji a Yamai sukan tace masu neman aiki da gwajin rubutu tun kafin a kira kowa ganawa. A takardar gayyata za ka ga an rubuta "test psychotechnique" ko "test d'aptitude numérique", kuma ɓangaren lissafi ne aka fi jin tsoro.

Wane irin lissafi ake tambaya?

Na kwaleji. Duk wanda ya ci BEPC ya taɓa ganin abin da ke ciki: kashi cikin ɗari, règle de trois (nemo lamba ta huɗu daga uku da aka ba ka), matsakaici, riba da faɗuwa, gudu da nisan tafiya, jerin lambobi, sai karanta tebur ko zanen ƙididdiga. Agogo ne ke kayar da mutane. In an ba ka tambaya 30 a minti 30, wadda ka ɓata wa minti huɗu ta cinye rabon wasu uku. Mai ɗaukar aiki so yake ya ga ko kanka na juya lamba da sauri ba tare da ka ruɗe ba.

Ina da lisans, har da masta. Sai na koma bitar lissafin yara?

Sai ka koma. Wanda ya karanta shari'a ko adabi a Jami'ar Abdou Moumouni, ko ta Djibo Hamani a Tawa, mai yiwuwa rabonsa da raba lamba da hannu tun kafin ya ci Bak. Wanda ya karanta lissafin ma bai tsira ba, don ya saba jero hujja layi bayan layi, a nan kuwa babu mai duba hanyar da ka bi. A ganina mai awon hatsi a kasuwar Katako ya fi su duka shiri. Ka ce masa tiya bakwai a kan dala 130 kowace, kafin ka rufe baki ya ce maka jikka huɗu da dala 110. Mu da muke ciniki da dala muna rubutu da sefa, kullum ninkawa da biyar muke yi a ka ba mu lura ba. Wannan baiwar ce ake so ka farfaɗo da ita.

A ina aka fi faɗawa tarko?

A kashi cikin ɗari, nesa ba kusa ba. Ɗauki harajin TVA, wanda a Nijar kashi 19 ne cikin 100. An ce kaya ya tashi sefa 119 000 har da haraji, nawa ne kuɗinsa kafin haraji? Mai gaggawa zai cire kashi 19 daga 119 000 ya samu 96 390. Kuskure ne, kuma kada ka yi mamaki in ka tarar da wannan lambar tana jiran ka cikin amsoshin da aka jera. An ɗora harajin ne a kan kuɗin asali, saboda haka raba 119 000 za ka yi da 1,19, ka samu jikka ɗari cif.

Ƙanwar wannan ita ce tashi da sauka. Buhun hatsi na jikka 25 ya tashi da kashi 20, ya zama jikka 30. Bayan kaka ya sauka da kashi 20. Bai koma 25 ba, 24 ya zama, domin kashi 20 na jikka 30 shida ne, ba biyar ba.

Sai matsakaicin gudu. Mota ta tashi daga Yamai zuwa Tawa ta Dosso da Birnin Ƙonni tana kilomita 60 a awa, ta dawo tana 90. Kowa 75 yake fara cewa. Mu ɗauka hanyar kilomita 540 ce don lissafi ya zo da sauƙi: awa 9 zuwa, awa 6 dawowa, kilomita 1080 ke nan a awa 15, wato 72. Motar ta fi daɗewa tana tafiya a hankali, shi ya ja matsakaicin ƙasa.

Akwai kuma règle de trois da ke tafiya a juye. Magina huɗu na gama katanga a kwana 12, magina shida fa? Hannu ya ƙaru, dole kwanaki su ragu: 4 sau 12 ya ba da 48, a raba shida, kwana 8. Kafin ka taɓa biro, tambayi kanka ko amsar za ta ƙaru ne ko raguwa za ta yi. Wannan kaɗai na kawar da rabin amsoshin da aka jera.

Su domino ɗin nan da ake zanawa fa?

Tsohon gwaji ne a ƙasashen da ke aiki da Faransanci, wanda aka sani da D48, daga baya aka yi D70 da D2000. Ba sai ka iya wasan ba. Ana jera maka domino ne ka gano wanda ya ɓace. Kowanne rabi biyu gare shi, na sama da na ƙasa, kowane rabi yana ɗauke da ɗigo daga 0 zuwa 6, kuma bayan 6 ana komawa 0. Don haka 4, 5, 6 sai 0, kuma in ana tsallake ɗaya ne, 3, 5 sai 0, sai 2. Duba layin sama shi kaɗai, sannan na ƙasa, in bai fito ba ka duba a gicciye. Jerin lambobi ma haka ne, fara da tazarar da ke tsakani: 2, 6, 12, 20, 30, tazarar 4, 6, 8, 10 ce, mai zuwa 42.

Me ya kamata in haddace?

Kaɗan ne. Jadawalin ninkawa har 15, murabba'in lambobi har 20, da kashin da ke daidai da rabe-rabe: ɗaya bisa huɗu 25, ɗaya bisa biyar 20, ɗaya bisa takwas 12,5. In banki kake nema, ƙara da cewa Yuro ɗaya sefa 655,957 ne.

Yaya zan tsara bita?

Ba na ba kowa shawarar sayen ƙaton littafi ya fara daga shafin farko. Nemo tsohon littafin lissafi na troisième wajen ƙanenka, ka haɗa da gwaje-gwajen kyauta da ke intanet. Satin farko yi ba agogo, har hanyoyin su zauna. Daga nan kada ka sake warware tambaya sai da agogo a gabanka, minti ashirin zuwa talatin kullum, ya fi awa biyar ranar Lahadi. Ajiye kaye guda na kurakurai kawai, kana rubuta dalilin kowane: rashin sanin hanya ne, ko gaggawa, ko Faransancin ne ya zille maka? Na ukun ya fi yawa fiye da yadda ake zato, don "trois de plus" da "trois fois plus" ba ɗaya ba ne.

In kuna da fada, ku mai da ita aji. Ɗaya ya riƙe agogo, kafin shayi na farko ya nuna an yi tambaya goma, a na biyu a yi gyara.

In ban san amsa ba, in canka?

Karanta umarnin, ko ka tambayi mai sa ido kafin a fara. In ba a rage maki kan kuskure, kada ka bar gurbi ko ɗaya. In ana ragewa, canka kawai bayan ka kawar da amsa biyu. Tambayar da ta turje kuwa, yi mata alama ka wuce. A nan ne kuma za ka tambayi ko an yarda da kalkuleta, kada ka dogara da ta wayarka.

An ce a intanet zan yi gwajin, kuma da Ingilishi. Akwai bambanci?

Akwai, kuma waƙafi ne. A Faransanci 1,250 ɗaya da kwata ne, a Ingilishi kuwa dubu ɗaya da ɗari biyu da hamsin. Duba teburin farko ka gane salon da aka bi. Yawancin irin wannan gwaji, da zarar ka danna farawa agogo ba ya tsayawa, ko wuta ta ɗauke ko layi ya yanke. Cika batirin kwamfuta, sa isasshen kuɗin intanet a waya ta biyu, ka ajiye takarda da biro kusa, musamman in gwajin ya faɗo a Afrilu ko Mayu, lokacin da zafi ke sa wuta yawan ɗaukewa.