Sai gwanin ces ne zai rubuta manhajar ces?

A majalisar 'yan dara da ke kusa da Ƙofar Soro, na sha jin ana cewa sai wanda ya gagari kowa a ces, wato darar Turawa, zai iya rubuta manhajar da za ta buga wasan da ƙarfi. Wasu ɗaliban kwamfuta na Katsina kuma gani suke aikin hutu ɗaya ne. Duka biyun kuskure ne.

Manhajar ba kwaikwayon tunanin gwani take yi ba. Bin sawun motsi take, da martaninsa, da martanin martanin, tana yasar da rassan da ba za su haifi ɗa mai ido ba. Abin da ake buƙata shi ne iya tsara lissafi da haƙurin gwaji. Feng-hsiung Hsu, wanda ya soma aikin da ya zama Deep Blue, shahararriyar kwamfutar nan mai buga ces, injiniya ne, kodayake daga baya an ɗauko gwanaye sun ba da shawara.

Lokaci kuwa, a nan gizo ke saƙar. An soma wancan aikin a 1985, amma Deep Blue ba ta doke Kasparov, zakaran ces na duniya a lokacin, a cikakkiyar gasa ba sai 1997. Stockfish, wata manhajar ces mai ƙarfi, ta fito a 2008, har yau kuma gyara ta ake yi, kowane ɗan canji sai an gwada shi da dubban wasanni.