Balaguron jirgin ruwa na kaka a gaɓar New England da Kanada

Balaguron kaka a gaɓar New England da Kanada tafiyar shaƙatawa ce da manyan jiragen ruwa na fasinja ke yi a arewa maso gabashin Amurka da gabashin Kanada, daga tsakiyar Satumba zuwa ƙarshen Oktoba. A wannan tsakani ne ganyen itatuwan yankin ke rikiɗa daga kore zuwa rawaya da ja kafin ya kakkaɓe. Jirgi kan tashi daga New York ko Boston, ya bi gaɓar jihar Maine, ya shiga ruwan Kanada. Wanda zai juyo inda ya taso yakan ɗauki kwana 7. Wanda zai zarce ta kogin Saint Lawrence har Kebek ko Montreal kuwa yakan ɗauki kwana 7 zuwa 14, gwargwadon yawan zangonsa. Da dare ake tafiya, a wayi gari a wata tashar, fasinja su sauka su yini a gari, su koma jirgi kafin yamma ta yi nisa.

Launin ganye da zaɓen lokaci

Idan yini ya fara gajarta, itace yakan daina sarrafa sinadarin da ke ba ganye launin kore. Da koren ya gushe, sai rawayar da dama can take ɓoye a ƙarƙashinsa ta bayyana. Ja kuwa sabo ne: ganye ke haɗa shi daga sukarin da ya taru a cikinsa, kuma ya fi kyau a shekarar da aka sami rana mai haske da dare mai sanyi wanda bai kai ga daskarewa ba. Bishiyar mapul, wadda ganyenta ke jikin tutar Kanada, ita ce kan gaba wajen wannan ja. Fari yakan sa ganye ya bushe tun bai yi launi ba, iska mai ƙarfi kuma tana iya kakkaɓe daji guda a dare ɗaya.

Launin daga arewa yake farawa ya gangaro kudu. A kewayen Kebek yakan kai ƙololuwa daga ƙarshen Satumba zuwa farkon Oktoba, a gaɓar Maine da lardin Nova Scotia na Kanada wajen mako na biyu na Oktoba, a Boston da Newport kuwa sai bayan tsakiyar watan. Saboda haka jirgin da ya taso daga Kebek a farkon Oktoba ya nufi kudu, tare da launin yake tafiya. Wanda ya tashi daga New York a farkon Satumba zai sami ɗumi da rahusa, amma koren daji zai tarar.

Akwai wani abu da tallan kamfanoni ba su cika faɗa ba. Yawancin itatuwan da ke bakin teku a Maine da Nova Scotia masu ganyen allura ne, waɗanda ba sa sauya launi ko da yaushe. Dajin mapul yana can ciki, a kan tuddai da kwaruruka. Wanda ya tsaya a barandar jirgi yana jiran ja ya zo ya same shi, duwatsu da kore zai fi gani. Sai an hau mota an nutsa cikin ƙasa, in ban da a kogin Saint Lawrence da mashigin Saguenay, inda tuddan ke kusa da ruwa.

Dokar da ta zana hanyar

Wata dokar Amurka ta 1886 ta hana jirgin da ke ɗauke da tutar wata ƙasa jigilar fasinja tsakanin tashoshin Amurka biyu. Tun da kusan duk manyan jiragen shaƙatawa a ƙasashen waje aka yi musu rajista, dole wanda ya tashi daga Boston zai koma Boston ya taɓa wata tashar waje, shi ya sa ba a rasa Halifax ko Saint John a jadawali. Wannan dokar ce kuma ta sa tafiyar da ba ta komawa mafarinta ke farawa ko ƙarewa a Kanada.

Wuraren yada zango

Tashoshin iri biyu ne, kuma bambancin ya shafi fasinja kai tsaye. A wasu jirgi yana jingina da gaɓa, mutum ya tako da ƙafarsa. A wasu kuwa ruwan bakin gari ba zurfi, sai jirgi ya tsaya daga nesa, a riƙa kwasar mutane da ƙananan jirage masu inji. Newport da Bar Harbor suna cikin kashi na biyu. Layin jiran ƙaramin jirgi yakan ci sa'a guda da safe, kuma in teku ya yi fushi kyaftin na iya soke zangon ɗungurungum.

Newport, a jihar Rhode Island, an san shi da katafaren gidajen attajiran ƙarshen ƙarni na 19. Mafi girmansu shi ne The Breakers na zuriyar Vanderbilt, mai ɗaki 70, wanda aka kammala a 1895. Boston gari ne na tafiyar ƙafa: wani layin jan bulo mai tsawon kilomita 4 ya ratsa wuraren tarihi 16, ba a bukatar ɗan jagora. Kusa da Portland, a jihar Maine, akwai hasumiyar fitilar jirage da aka fara kunnawa a 1791.

Bar Harbor, a jihar Maine, ƙofa ce ta gandun Acadia, inda dutsen Cadillac mai tsayin mita 466 yake. A lokacin kaka ba a hawa kansa da mota sai an yanki izini tun da wuri. Daga bakin garin akwai wata hanyar tsakuwa da ke kai wa ga tsibirin Bar, wadda ba ta bayyana sai ruwa ya janye; kusan sa'a uku take a buɗe, wanda ya yi jinkiri a tsibirin kuwa sai ya jira janyewa ta gaba. A Nuwambar 2022 mazauna garin sun kaɗa ƙuri'ar taƙaita masu saukowa daga jirage zuwa mutum 1,000 a rana, abin da ya sa manyan jirage da yawa suka cire shi daga jadawalinsu. Mai son Acadia ya duba sunan garin a takardar tafiyarsa kafin ya biya.

Saint John, a lardin New Brunswick, yana bakin mashigin Fundy, inda tazarar cikar teku da janyewarsa ta fi ta ko'ina a duniya, har takan kai mita 16 a can ƙuryar mashigin. Idan teku ya cika yakan tura kogin Saint John ya koma da baya ta wani matsatsin duwatsu. Ba a gane abin da gani ɗaya. Sai an je lokacin da teku ya janye an ga ruwa na gangarowa, a koma bayan kusan sa'a shida a tarar yana hawa. Wanda ya je a tsakani, kogi kwance kawai zai gani.

Halifax, a Nova Scotia, ce tashar da ta fi kowacce sauƙi. Jirgi na tsayawa dab da Pier 21, inda baƙi masu ƙaura kusan miliyan ɗaya suka shigo Kanada tsakanin 1928 da 1971, yanzu kuma gidan tarihi ne. A maƙabartar Fairview Lawn akwai kaburburan mutum 121 daga cikin waɗanda suka rasu a jirgin Titanic a 1912. Ƙauyen masunta na Peggy's Cove yana da nisan kusan sa'a guda a mota. Duwatsun da ke kewaye da hasumiyarsa masu haske ne, amma na kusa da ruwa baƙaƙe ne, kuma baƙin alama ce cewa igiyar ruwa na kai wa nan. An sha rasa rayuka a kansu. Ba a taka su ko da teku ya yi tsit.

Daga Sydney ta Nova Scotia ake shiga cikin tsibirin Cape Breton, wanda launinsa ya yi fice. Hanyar Cabot da ta zagaye arewacinsa kilomita 298 ce, yinin jirgi ba ya isa a gama ta, sai dai a ɗanɗani wani yanki. Charlottetown, a tsibirin Prince Edward, ƙaramin gari ne, a nan aka yi taron 1864 da ya share fagen kafa tarayyar Kanada.

Shiga mashigin Saguenay, mai tsawon kilomita ɗari da 'yan kai tsakanin dogayen duwatsu, ya cancanci tashin asuba. A bakinsa ake ganin fararen dabbobin teku da ake kira beluga. Kebek, wanda Samuel de Champlain ya kafa a 1608, har yau ganuwarsa na tsaye, kuma Faransanci ake yi a cikinsa. Jirgi na tsayawa a gindin tsohon gari, jirage da yawa ma a nan suke kwana. Manyan jirage ba sa ƙarasawa Montreal, saboda gadoji da wayoyin lantarkin da suka ƙetare kogin sun yi musu ƙasa.

Abubuwan da ke ɓata tafiya

Lokacin guguwar Atlantika yana farawa 1 ga Yuni ya ƙare 30 ga Nuwamba, kuma a Satumba ta fi tsanani. Guguwar Fiona ta afka wa Nova Scotia a Satumbar 2022, Lee kuma ta biyo baya a Satumbar 2023. Jirgi ba ya kutsawa cikin guguwa, kauce mata yake yi, abin da ke jawo sauya tasha ko ƙarin yini a teku. Sharuɗɗan tikiti sun ba kamfani wannan dama, kuma yawanci harajin tashar da aka tsallake kaɗai ake mayarwa. Wanda ya yi yarjejeniyar yawo da ɗan jagora mai zaman kansa ya tabbatar za a dawo masa da kuɗinsa in jirgi bai zo ba.

A mashigin tekun Saint Lawrence, tun 2017 hukumomin Kanada ke tilasta wa jirage rage gudu zuwa kusan kilomita 18 a sa'a a wasu yankuna, don kare wani nau'in wel, babbar dabbar teku, da bai kai 400 ba a duniya. Wannan kan rage sa'o'in zango. Hazo ma yakan jinkirta shiga tasha.

Kuskuren da ya fi tsada shi ne na agogo. New Brunswick da Nova Scotia da tsibirin Prince Edward suna gaban Boston da Kebek da sa'a guda, wayar hannu kuma tana sauya lokaci da kanta. Agogon jirgi ake bi. Ana rufe shiga kusan minti 30 kafin tashi, kuma jirgi yana jiran motar yawon da kamfaninsa ya shirya, amma ba ya jiran wanda ya fita da kansa.

Takardu da guzuri

Ɗan ƙasar da ke bukatar biza yana bukatar biyu: ta Kanada, da ta Amurka mai damar shiga fiye da sau ɗaya. Cewa ba za a sauka a Kanada ba bai zama hujja ba, a tashar farko za a hana mutum hawa. Kuɗin ma iri biyu ne, dalar Amurka da dalar Kanada, ko da yake kati na aiki kusan ko'ina.

Da rana zafi kan tsaya tsakanin digiri 10 da 18 a ma'aunin Selsiyos, da dare ya sauko ƙasa da 5 a Kebek idan Oktoba ta yi nisa. Riguna marasa nauyi da za a riƙa ɗorawa ana cirewa sun fi babbar riga guda amfani, tare da rigar ruwa mai tare iska da takalmin da ba ya santsi. Mai jirin teku ya nemi ɗaki a tsakiyar jirgi, a hawa na ƙasa, inda girgiza ta fi sauƙi. Tsakanin Maine da Halifax da kuma dawowa New York ne ruwa ya fi motsi, maganin jiri kuwa kafin a shiga wurin ake shansa. Wanda ake mannawa a bayan kunne yana bukatar kusan sa'a huɗu kafin ya fara aiki, ya kuma yi kwana uku.