Ƙara wa hoto kaifi daga ɗanyen fayil

Ƙara kaifi gyara ne da ake yi wa hoton dijital don iyakokin abubuwan da ke cikinsa su fito tas. Manhaja kan ƙara duhu a gefen da ke da duhu, ta ƙara haske a ɗaya gefen, sai ido ya ga hoton ya washe. Hoton da ruwan tabaran kyamara bai saitu a kansa ba, wannan gyaran ba ya ceto shi.

Dalili

Ɗanyen fayil, wato RAW, hoton da kyamara ta ɗauka ba ta gyara shi ba, kamar NEF na Nikon ko CR3 na Canon, yakan fito da ɗan dishi-dishi. Yawancin kyamarori suna da matatar launi da Bryce Bayer na kamfanin Kodak ya yi wa rajista a 1976. Kowane ɗigo na idon kyamarar launi ɗaya yake gani: rabi kore, kwata ja, kwata shuɗi. Sauran launukan manhaja ce ke kintata su daga ɗigogin da ke maƙwabtaka, nan laushin yake shigowa. Shi kuwa JPEG, fayil ɗin hoto da aka saba da shi, tun cikin kyamara ake kaifafa shi.

Tarihi

Dabarar ta girmi kwamfuta. Ana danganta ta da Jamus, wajejen shekarun 1930. A ɗakin wanke hoto sukan yi kwafi mai dishi-dishi da gangan, kishiyar fim ɗin asali, su ɗora shi a kansa kafin su buga. Daga nan sunan Unsharp Mask, kayan ƙara kaifi na manhajar Photoshop, ya samo asali. Wata hanyar ta lissafi ce, wadda masani William Richardson ya wallafa a 1972, masani Leon Lucy kuma a 1974. Da aka gano lahani a madubin na'urar hangen taurari ta Hubble a 1990, da ita aka riƙa tsefe hotunan. Manhajar gyaran hoto ta RawTherapee na amfani da ita.

Aiki

A manhajar gyaran hoto ta Lightroom ƙarfin kaifin daga 0 zuwa 150 yake. Mai hoton da ya dawo daga bikin kamun kifi na Argungu yakan so ɓawon giwan ruwa da idanun homa su fito, amma sararin sama mai hazo a bar shi sumul. In ba haka ba sai ya cika da tsaki-tsaki. In an zarce, farin zare kan kewaye kan masunci da gorarsa, kuma a fosta ya fi muni.

Akwai saɓani: wasu na kaifafawa sau ɗaya a ƙarshe, wasu na bin matakai uku na masanin gyaran hoto Bruce Fraser.