Ƙa'idar Adalci a Gidajen Rediyo da Talabijin na Amurka

Ƙa'idar adalci, wadda Amurkawa ke kira Fairness Doctrine, tsari ne da hukumar sadarwa ta tarayyar Amurka, FCC, ta shimfiɗa wa gidajen rediyo da talabijin daga 1949 zuwa 1987. Abu biyu ta ɗora wa duk mai lasisi: ya ware lokaci don batutuwan da suka shafi jama'a waɗanda ake taƙaddama a kansu, kuma ya bari a ji ɓangarorin da suka saɓa. Ba ta ce a raba mintoci daidai wa daida ba. Wannan na wata doka ce daban, wadda ta shafi 'yan takara kawai kuma har yau tana aiki, ko da yake ana yawan haɗa su.

Asali

Hujjar hukumar ita ce zangon watsa shirye-shirye kaɗan ne, ba kowa zai samu ba, don haka wanda aka bai wa lasisi amanar jama'a ce a hannunsa. A 1941 ma hukumar ta hana tashoshi bayyana ra'ayinsu kwata-kwata. Ƙa'idar 1949 ce ta sassauta wannan haramci.

Shari'ar Red Lion

A 1964 wata tashar addini mai suna WGCB, a garin Red Lion na jihar Pennsylvania, ta watsa jawabin mai wa'azi Billy James Hargis, inda ya caccaki ɗan jarida Fred Cook, wanda ya rubuta littafi yana sukar ɗan takarar shugaban ƙasa Barry Goldwater. Cook ya nemi a ba shi fili kyauta ya mayar da martani, tashar ta ƙi. Magana ta kai Kotun Ƙoli, kuma a 1969 duk alƙalan da suka zauna suka mara wa hukumar baya kan ƙa'idar. Mai shari'a Byron White, wanda ya rubuta hukuncin, ya fifita haƙƙin mai sauraro a kan na mai tasha. Shekara biyar bayan haka kotun ta ƙi yarda a tilasta wa jaridu irin wannan.

An kuma yi amfani da ƙa'idar a 1967 wajen sa tashoshin da ke tallar taba su watsa gargaɗi kan illarta.

Sokewa

A zamanin Shugaba Ronald Reagan, shugaban hukumar Mark Fowler ya ɗaura ɗamarar kawar da ita. Rahoton hukumar na 1985 ya ce tsoron ƙorafi na sa tashoshi su guje wa batutuwa masu zafi gaba ɗaya. Majalisa ta yi yunƙurin mayar da ita doka a 1987, Reagan ya hau kujerar na-ƙi, sannan a watan Agusta hukumar, ƙarƙashin Dennis Patrick, ta soke ta da ƙuri'a huɗu ba hamayya. Sai a 2011 aka share ragowar rubutunta daga kundin ƙa'idojin hukumar.

Bayan sokewa

A 1988 shirin Rush Limbaugh ya fara zagaya ƙasar baki ɗaya, shirye-shiryen hirar siyasa na masu ra'ayin riƙau kuma suka mamaye rediyon AM. Wasu na ɗora wannan kan soke ƙa'idar, wasu na nuni da tauraron ɗan'adam da dokar 1996 da ta bari kamfani ɗaya ya mallaki tashoshi da yawa. Ƙa'idar dai ba ta taɓa zama linzami ga tashoshin kebul irin su Fox News ba, wadda ma sai a 1996 aka kafa ta.