Zaman sirri na hukumomin makarantu a Amurka

Zaman sirri shi ne ɓangaren taron hukumar makarantu da ake sallamar jama'a da 'yan jarida, mambobi su keɓe su tattauna wani batu da doka ta yarda a ɓoye. A Amurka, makarantun gwamnati suna ƙarƙashin gundumomi kimanin 13,000, kuma galibinsu hukuma ce ta mutum biyar zuwa tara da jama'a suka zaɓa take tafiyar da su. Ita ke amincewa da kasafin kuɗi, ita ke naɗa shugaban makarantun gunduma, ita ke ba da kwangila. Tun da kuɗin haraji take kashewa, asalin ƙa'ida shi ne ta yi zamanta a bainar jama'a. Rufe ƙofa togaciya ce, kuma hukumar ce za ta nuna hujjarta.

Tushen doka

Dukan jihohi 50 suna da dokar buɗe taro, wadda ake yi wa laƙabi da dokar hasken rana. Kalifoniya ta yi tata a 1953, wato Dokar Brown, Filorida da Tekzas kuma a 1967. Dokar tarayya ta 1976 mai irin wannan suna ma'aikatun tarayya kawai ta shafa, ba ta taɓa hukumar makarantu ba. Saboda haka abin da ya halatta a wata jiha yana iya zama laifi a maƙwabciyarta.

Dalilan da aka yarda da su ba su da yawa, kuma kusan iri ɗaya ne a ko'ina: ɗauka ko ladabtarwa ko korar wani ma'aikaci takamaimai, ladabtar da ɗalibi, shawara da lauya kan shari'a, ciniki da ƙungiyar malamai, sayen fili ko gini inda bayyana farashi zai ɓata cinikin, da tsarin tsaron makarantu. Dokar Niyok ta jera guda takwas. Batun ɗalibi yana da ƙarin kariya daga dokar tarayya ta 1974 kan sirrin bayanan ɗalibai. Jin nauyi, ko gudun surutun iyaye, ba ya cikin jerin kowace jiha.

Yadda ake shiga da yadda ake fita

A yawancin jihohi ba a fara taro da ƙofa a rufe. Sai an sanar da jama'a tukuna: Kalifoniya tana buƙatar a lika ajanda awa 72 kafin zaman da aka saba, awa 24 kafin zama na musamman, kuma a rubuta batun zaman sirrin a ciki. Ilinoi awa 48 take buƙata. Daga nan a buɗe taro a fili, wani mamba ya gabatar da ƙudurin keɓewa, ya faɗi dalili, a kaɗa ƙuri'a a gaban kowa. A Niyok sai rinjayen dukan mambobin hukumar, ba na waɗanda suka halarta kaɗai ba. A Mishigan wasu dalilai sai kashi biyu cikin uku, ana kiran suna ɗaya bayan ɗaya.

Lafazin ƙudurin nan shi ne inda aka fi yin tuntuɓe. Mamba ya ce "mu keɓe kan harkar ma'aikata", shugaba ya buga guduma, kowa ya tashi. Wannan bai wadatar ba a jihohi irin su Ohayo da Niyok, domin kalmar ma'aikata tana iya ɗaukar komai, daga korar malami ɗaya har rufe sashe guda. Abin da ake so shi ne a ce, misali, "domin duba batun ladabtar da wani ma'aikaci". Ba sai an ambaci sunansa ba. Bambancin yana da muhimmanci: ko za a sallami malami kaza saboda aikinsa, batu ne na mutum, ana iya rufe ƙofa, ko za a rage guraben malamai goma saboda ƙarancin kuɗi, batu ne na manufa, a fili ake yinsa.

Hukunci na ƙarshe kuwa waje ake fitowa da shi. Tekzas da Ilinoi sun hana yanke shi a ɓoye. Kalifoniya ta yarda a yanke wasu a ciki, amma sai an fito an faɗi abin da aka yanke da yadda kowane mamba ya kaɗa ƙuri'arsa. A can ma, idan za a saurari ƙorafi a kan ma'aikaci, sai an ba shi takarda awa 24 kafin lokaci cewa yana da damar neman a yi a fili. In ba a ba shi ba, ladabtarwar ta rushe.

Adana abin da aka faɗa

Rufe ƙofa ba ya nufin magana ta bi iska. Ilinoi ta wajabta naɗar zaman kalma da kalma, da murya ko bidiyo, a ajiye aƙalla wata 18, kuma duk wata shida hukumar ta duba rubutattun bayanan zaman sirri ta ga ko akwai wanda ɓoye shi ya daina amfani. Tekzas tana buƙatar ajanda mai shaida, wato rubutaccen bayanin abin da aka tattauna wanda shugaban taro ya tabbatar da ingancinsa, ko faifan murya, a ajiye shekara biyu. A Filorida, idan aka keɓe da lauya kan shari'a, sai an kawo mai ɗaukar bayanan kotu, kuma rubutun ya zama na jama'a da zarar shari'ar ta ƙare. Amfanin wannan duka shi ne alƙali ya samu abin dubawa idan an kai ƙara.

Inda ake kaucewa

Zamewa daga batu ita ce ta fi yawa, kuma sau da yawa ba da gangan ba ne. An shiga kan kwantiragin shugaban makarantu, hira ta yi daɗi, sai ga maganar sauya iyakokin makarantu. Maganinta a hannun mai jagorantar zaman yake, ko lauyan hukumar: a tsayar da maganar, a kai ta zaman fili.

Sai yanke hukunci a ɓoye da sunan jin ra'ayi. A zagaya a ji bakin kowa, a fito a kaɗa ƙuri'a cikin minti ɗaya ba tare da muhawara ba. A takarda an bi doka, amma jama'a ba su ji dalili ko ɗaya ba.

Akwai kuma taron da ba a zauna ba sam. A hukuma mai mutum bakwai, huɗu ne rinjaye. Idan shugaba ya kira mamba ɗaya a waya, ya tura wa na biyu saƙo, ya gaya wa na uku abin da biyun suka ce, an yi taro ke nan ba sanarwa. Dokar Brown ta hana wannan ƙarara. Danna "amsa wa kowa" a imel ma yana iya jawo haka. Filorida ta fi tsanani: ko mambobi biyu ne, ba sa tattauna abin da zai zo gaban hukumar sai a fili. A Tekzas, babbar kotun laifuka ta soke sashen da ya haramta wannan dabara a 2019 saboda lafazinsa bai fito sarai ba, majalisar jihar ta sake rubuta shi a shekarar.

Sakamakon keta doka

Kotu na iya soke abin da aka yanke, ta kuma sa hukumar ta biya kuɗin lauyan mai ƙara. A Ohayo akwai tarar dala 500. A Tekzas, mamban da ya shiga haramtaccen zaman sirri da saninsa yana fuskantar tarar dala 100 zuwa 500, ko ɗaurin wata ɗaya zuwa shida, ko duka biyu. Ɗaurin ba kasafai ake kaiwa gare shi ba. Abin da aka fi gani shi ne a maimaita muhawara da ƙuri'a a fili. Mai ƙorafi kuma yana da wa'adi. A Kalifoniya yakan rubuta wa hukumar cikin kwana 90 ya nemi ta gyara, ita kuma tana da kwana 30 ta amsa. A Ilinoi yana da kwana 60 ya kai kuka ofishin babban lauyan jihar, ba tare da ya ɗauki lauya ba.